Bokiti Shida

Ran da masu ruwa suka zo ɗaura mita a gidan Malam Uba da ke Sabon Garin Ƙaura, Saude tana tsugune a bakin famfo tana tarar ruwa, sai da ta ja bokitinta gefe ta ba su wuri. Suka yanke bututun, suka maƙala wani ɗan ƙarfe mai gilashi a fuska da lambobi a ciki. Babbansu ya ce daga yau an daina biyan kuɗin wata na bai-ɗaya, abin da gida ya sha shi zai biya. Saude ta ce to, ta mayar da bokitinta. Ba ta ga inda zancen ya shafe ta ba.

Ƙarshen wata takarda ta zo, kuɗin ya ninka na da har sau uku. Unguwa ta ɗauka. Armiya'u tela ya rantse da idonsa ya ga lambobin suna gudu alhali iska kawai famfon yake fesowa. Wasu suka ce a ɓalle abin a jefa a gulbi, wasu suka ce gara haka, masu wankin mota da masu buga bulo sun daɗe suna shan ruwa a kan talaka. Aka tura dattawa biyar ofishin masu ruwa, aka ba su kujeru, aka saurare su, aka ce za a duba. Nagoggo mai garuwa ne kaɗai yake yawo da fara'a, har kurarsa ya sake wa taya. Da dai aka ga ba yadda za a yi da masu ruwa, sai kowane magidanci ya koma gida neman wanda ya fi ƙarfi.

Malam Uba malamin sakandare ne, mutum mai son tsari, wanda ko takalman ƙofar masallaci ya gani a hargitse sai ya jera su. Kwana biyu ya ɗauki kujera ya zauna a inuwar dogonyaron tsakar gida wai yana duba takardun ɗalibai, ashe bokitai yake ƙirgawa. Rana ta uku bayan la'asar ya tara gidan: matarsa Hauwa'u, da ƙanensa Kamalu, autansu, mai sayar da kayan babur a kasuwa, da matar Kamalun, da Saude.

Saude matar Audu ce, ƙanen Malam Uba, wanda aka tare aka kashe a hanyar Shinkafi shekara uku da suka wuce. Ta gama takaba ba ta tafi ba, don ƙauyensu can bayan Zurmi ba kowa a cikinsa sai kangaye. Ta zauna da 'yarta guda a ɗakin da ke manne da na Inna, mahaifiyar su Malam Uba, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Ba wanda ya taɓa zama ya ce Saude ce za ta yi jinyar tsohuwar. Aikin ne ya gangaro kamar ruwan sama, ya tsaya inda ya fi kwari.

"Na zamna na ƙirga," in ji Malam Uba. "Sashena mu takwas ne, bokiti bakwai muka ɗiba. Sashen Kamalu huɗu. Ke kuwa Saude, ke da Inna da ɗiya guda, goma sha huɗu. Mi kika yi da ruwan ga?"

Saude ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafinta. Amsar tana bakinta, amma ba hanyar fita. Tun daminar bara Inna ta daina riƙe fitsari, daga baya har da abin da ya fi shi. Ran da abin ya fara faruwa, tsohuwar ta damƙi hannun Saude da hannunta mai rai tana kuka, ta sa ta ta rantse: muddin tana numfashi, 'ya'yanta maza ba za su ji ba. Tun daga nan Saude take canja mata zane sau biyar sau shida a wuni, ta wanke ta, ta wanke shimfiɗa, ta shanya a bayan ɗaki wajen awaki inda maza ba sa bi. Ko da ma ba rantsuwa, da wane baki mace za ta dubi yayan mijinta, wanda ko sunansa ba ta faɗa, ta ce masa uwarka tana ɓata shimfiɗa?

"Wanki ne, Malam," ta ce.

"Wankin mutum ukku?"

Kamalu ya yi dariya. Shi ƙanen miji ne, wasa ke tsakaninsu, kuma bai san lokacin da ake ajiye shi ba. "Yaya, matar tamu wankau ta buɗe a ɓoye. Ki ba mu rabonmu mana, hajiyar sabulu."

Saude ta saci kallon Hauwa'u. Hauwa'u ta san komai, don ta sha ganin zannuwan a igiya. Amma a lokacin nan sai ga ta tana cire wa ɗanta wani abu a ido.

Malam Uba ya yanke hukunci, kuma a ganinsa ya yi adalci. Aka kira mai walda ya yi wa famfon akwatin ƙarfe, aka sa kwaɗo, makullin ya shiga aljihun Malam. Za a buɗe bayan asuba, a rufe in zai tafi makaranta. Kowane sashe da rabonsa. Na Saude bokiti shida, ya ce har ya yi mata ƙari albarkacin Inna.

Washegari Saude ta sami Hauwa'u a madafi tana tankaɗe.

"Yaya, ke kin san inda ruwan ga suka tahiya. Ki hwaɗa ma Malam, ko a kaikaice. Ni na rantse, ke ba ki rantse ba."

Hauwa'u ta ci gaba da kaɗa rariyarta. "Ni in tona ma tsohuwa asiri? Ta ji, ta yi mini baki? A'a, ba ni ciki. Kuma ke kin san halin Malam, da ya ji cewa za shi yi a raba aikin, ni kuwa ga goyo ga ciwon baya. Ki dai riƙa lallaɓawa, Saude. Lada kika samu."

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Saude ta fito daga madafin tana tunanin wanda ya faɗi haka bai taɓa zama gidan yawa ba.

Ta fara lallaɓawar. Bokiti ɗaya na sha da girki, ɗaya na alwala da bayi, huɗu na Inna. Ita da 'yarta suka koma wanka ran Juma'a da Talata. Ruwan ɗauraya ba a zubarwa, shi ne na jiƙon gaba. Duk da haka kafin la'asar bokitai sun ƙare, Inna kuwa jikinta bai san an sa mita ba. Sai Saude ta leƙa ƙofa ta tsayar da Nagoggo, ta sayi jarka biyu da kuɗin ƙuli-ƙulin da take yi. Nagoggo ya ƙara kuɗin jarka sau biyu cikin wata guda, yana cewa shi ma inda yake ɗiba an sa musu mita. Ribar ƙuli ta tafi, uwar kuɗin ta bi ta, ta sayar da akuyarta guda, ita ma ta bi su cikin sati uku.

Bazara ta kankama. Irin zafin Ƙaura ne da ake shiga ɗaki a ji kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai. Zannuwan da ba su sami ɗauraya sosai ba suka riƙa bushewa da tauri, suna kartar fatar tsohuwar. In ruwa ya ƙare da rana, Saude sai ta goge ta da tsumma ta juya shimfiɗar, ta jira asuba. Jan tabo ya fito a ƙugun Inna, ya yi kwana huɗu, ya fashe. Wani ya fito a kafaɗa. Saude ta shafa man kaɗanya, ta barbaɗa hoda, ta zauna tana yi mata fifita har hannunta ya sage. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

'Ya'yan Inna ba su taɓa fashin gaishe ta ba, wannan kam a ba su. Kullum da safe Malam Uba zai zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ɗaga labule kaɗan.

"Inna, an kwana lahiya? Ya ƙarhin jiki?"

"Da sauƙi, Uba. Allah shi yi maka albarka."

Shi ke nan, ya saki labule. Kamalu ma haka, sai dai shi yakan ajiye ayaba ko ƙosai a bakin ƙofar. Wata safiya Malam Uba ya saki labulen da sauri fiye da kullum, ya kira Saude gefe.

"Ɗakin ga shina wari. Ba ki sharewa ne?"

"Ina yi, Malam. Ruwan ne ba su isa."

"Bokiti shida ba su isa share ɗaki guda? Kowa gidan ga haƙuri shika yi. Albashi bai ƙaru ba, komi ya ƙaru. In na buɗe miki, sai in buɗe ma kowa, mu koma gidan jiya."

Da yamma ya dawo da turaren wuta na ɗari biyar ya ba ta, ya ce a riƙa kunnawa safe da yamma. Ya tafi masallaci yana jin ya sauke nauyi.

Saude ta gwada Kamalu, ta tare shi yana fitar da babur. Ta ce ya taimake ta da kuɗin jarka biyu kullum, don Allah. Ya ce ai ita ce mai kuɗi, ita da ta sayar da akuya ba ta ko ba shi tukuici ba, ya tashi babur ya bar ta da hayaƙi.

Ranar ta shiga ɗakin Inna ta durƙusa a gefen gado.

"Inna, ki sake ni daga rantsuwag ga. In Malam ya sani, za shi buɗe ruwan."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon rufi. Bakinta a karkace yake, maganar tana fita da ƙyar. "Ni na wanke ma Uba, na wanke ma Audu, na wanke ma Kamalu. Ba ni son in tashi duniya ɗana shina tuna ni da wanga abu. Ki bar ni da mutuncina, ɗiyata, shi kaɗai ya rage min." Sai ta ƙara da cewa, "Na ji duk abin da anka ce miki. Bango ba shi da kauri."

Kwana biyu bayan nan, Saude ta kawo mata koko da safe, Inna ta kau da kai. Ta ce azumi take yi, ramuwar watannin da ta sha tun da ta kwanta. Da magariba ta karɓi cokali uku na kunu da kurɓi biyu na ruwa, ta rufe baki. Washegari ma haka, jibi ma haka.

Saude ba yarinya ba ce. Ta ga zane guda yana wuni a bushe, ta gane irin azumin. Tsoro ya kama ta. Ta riƙe kofi a bakin tsohuwar tana roƙo.

"Inna, don girman Allah ki sha. Rai dangin goro ne, ruwa aka ba shi. Ni ban gaji da wankin ba."

"Kin gaji," in ji Inna. "Ga hannunki nan duk ya tsage."

Saude ta je ta sami Malam Uba a zaure, ta tsaya daga bayan ƙofa ta ce Inna ta ƙi shan ruwa, wai azumi take yi, ya zo ya yi mata magana. Ya zo, ya tsuguna inda ya saba.

"Inna, ai Allah ya ɗauke ma mara lahiya. Sai a ciyar."

"Bar ni in yi nawa da kaina, Uba. Ban san kwana nawa sunka rage ba."

Abin ya taɓa shi ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce wa Saude kada a matsa mata, mai neman lahira ba a tare masa hanya. Bayan sallar isha'i ya ba abokan sahunsa labari, cewa tsohuwarsa tana kwance shekara biyu amma tana ramuwar azumi cikin wannan zafin. Aka yi ta sa albarka, har wani ya ce irin matan da kenan, yanzu an daina yinsu.

Sabuwar takardar ruwa ta zo, ta sauko ƙasa da rabi. Malam Uba ya tsaya tsakar gida yana kaɗa ta, ya ce kun gani, tsari shi ne komai. Har Armiya'u tela ya turo a tambayo masa wane mai walda ne ya yi akwatin.

Azumin ya kai kwana goma sha ɗaya. A na goma sha biyu Inna ta daina gane mutane, tana kiran Saude da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Aka kira Kubra, ma'aikaciyar jinya da ke bayan layinsu. Ta ja fatar hannun tsohuwar ta saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ta nemi jijiyar da za ta sa ƙarin ruwa, ta soka sau huɗu kafin ta samu. Da ta juya ta ta ga bayanta, sai ta yi salati a hankali, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa inda mazan suke.

"Malam, tsohuwag ga ta bushe. Ga gyambo har ukku a bayanta. Wa ka jinyarta?"

Malam Uba ya juya ya dubi Saude. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. "Amana munka ba ki," ya ce. "Kina ci kina sha gidan ga, ba a taɓa ce miki ki tashi ba. Abu guda anka bar miki."

Saude ta saurara. Daga cikin ɗakin ana jin numfashin Inna yana fita da gurnani. Tana numfashi. Saude ta haɗiye maganarta, ta koma ciki ta riƙe mata hannun da aka sa wa allura.

Aka ce da safe za a kai ta asibiti. Kamalu ya fita neman mota da hantsi, kafin ya dawo an gama.

Malam Uba da kansa ya zare kwaɗon famfon ya cire akwatin ya jingine shi a bango. Ya ce a ɗebi duk abin da ake bukata, kada a yi wa Inna ƙwauro. Saude ce ta yi jigilar ruwan wankan gawa, don ita ta saba da hanyar. Kwana uku famfon yana zuba, masu ta'aziyya suna alwala, ana wanke kwanuka, yara suna wasa da ragowar. Duk wanda ya zauna a tabarma sai an ba shi labarin azumin, ya ce Inna ta yi kyakkyawan ƙarshe.

Daren uku ya wuce, da safe Malam Uba ya aika a kira Saude zaure. Kamalu yana zaune a gefe, Hauwa'u tana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce shi ya yafe mata sakacin da ta yi, tunda kwana ya ƙare ba makawa, amma ta nemi gafarar Allah.

Saude ba ta sunkuyar da kai ba wannan karon. Ta gaji da sunkuyon ma.

"Malam, yanzu Inna ba ta numfashi, rantsuwata ta hwaɗi. Tun daminar bara ba ta riƙe fitsari, ba ta riƙe bayan gida. Ruwan da ka ƙirga, wankinta ne. Da kunka rufe, na sai da abin da nika da shi na saye, har ya ƙare. Azumin da kuka yabo ba azumi ba ne. Ruwa ta bari sha don kar ta jiƙa zane, don ta ji ana min hwaɗa."

Kamalu ya buɗe baki, wasan bai zo ba, ya rufe. Malam Uba ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi ƙasa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya daɗe yana juya ta. Ana ganin abin yana shigarsa, kuma ana ganin yana neman inda zai ajiye shi.

"To mi ya hana ki hwaɗa min?" ya ce daga ƙarshe. "Ni gaibu nika sani? Da an hwaɗa min, ko bokiti ɗari ne da na buɗe."

"Gaskiya ne, Malam," in ji Saude. "Amma daga bakin ƙohwar inda kaka tsugunawa zuwa gadonta, taki ukku ne."

Ta tashi ta koma ciki.

Ba mugu a gidan nan, shi ne abin takaicin. Kowa yana salla, kowa yana gaida uwarsa, kowa yana da dalilinsa mai kyau da zai iya faɗa a gaban jama'a ba kunya. Mutumin da ya iya zama kwana biyu yana ƙirga bokitai bai sami minti biyu ya ɗaga zanen uwarsa ya duba bayanta ba. Mita ta faɗa masa nawa aka sha, shi kuma bai tambayi komai bayan wannan ba, don amsar da ta ba shi ta yi masa arha.

Malam Uba ya yi kuka ranar, an ji shi daga ɗakinsa. Ya sa aka yi sadakar waina da yawa ran bakwai, ya ce wa mutanen gidan zancen nan ya tsaya iya nan, a rufa wa mamaciya asiri. A masallaci har yau labarin azumin ake bayarwa.

Da baƙin bakwai suka watse, ya ɗauko akwatin ƙarfen daga jikin bango ya mayar, ya datse kwaɗon. Washegari da asuba Saude ta jera bokitanta shida a bakin famfo kamar kullum. Ya tsaya da makulli a hannu har na huɗu ya cika, sai ya miƙa hannu ya murɗe kan famfon, bai dube ta ba.

"Yanzu ku biyu ne," ya ce.